Muryar da Bahijja Ta Gane

Bahijja ce babba a 'ya'yan Malam Dunoma, mai sayen hatsi a Kanya Babba. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Barno tun ba a haifi mahaifinta ba, ya zauna nan ya yi gona, shi ya sa har yau idan mahaifiyarsu Ya Kura, wadda ita ma 'yar dangin ce, ta yi fushi da Barbarci take faɗa, sai ta huce ta koma Hausa. Su biyar ne a gidan, maza uku a tsakiya, mace a farko, mace a ƙarshe. Autar ita ce Ummi Kulsum. Shekara tara ce tsakaninsu, kuma Ummi ta fi daɗewa a bayan Bahijja fiye da bayan uwar da ta haife ta.

Malam Dunoma bai yi boko ba, amma ya bar 'yarsa ta yi. Da ta gama sakandare ta koma Kazaure gidan wata gwaggonta, ta yi difloma a kan kwamfuta, daga nan ta samu aikin buga takardu a wani shago kusa da tasha. Hannunta yana da sauri, ba ta kallon madannai, kuma ba ta barin kuskure ya wuce ko da mai takardar ne ya yi shi. A shagon nan Muhammadu Lawal ya gan ta, direban motar haya ne da ke jigila tsakanin Kazaure da Kano. Ya kawo wasiƙar ƙungiyar direbobi a buga masa, ya dawo har sau uku wai akwai gyara, alhali babu. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura musu aure.

Ta ci gaba da zuwa shago har ta haifi Fatu. Da Shatu ta zo, yarinya mai yawan laulayi, sai zuwa shago ya gagara, ba wanda za ta bar wa yaran. Ta zauna gida. Wata shida ta yi tana shara da girki da wanki, sannan ta sayar da awarwaronta ta sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi. Ta fara buga wa ɗalibai aikinsu na kammala karatu. Aikin na lokaci ne, ya zo da yawa wata biyu, sannan ya ɗauke.

Ana haka wata da suka yi difloma tare, Nafisat, ta kira ta. Nafisat tana aiki da wata ƙungiya mai ofis a Kano, wadda ke tura ma'aikata ƙauyuka su yi hira da mutane su naɗi muryoyinsu. Suna neman masu jin Hausar yankin da kyau, waɗanda za su saurara su rubuta duk abin da aka faɗa, kalma bayan kalma. Ba sai an fita ba, ta waya za a turo, ta waya za a mayar. Bahijja ta amsa tun kafin ta tambayi mijinta, da ya dawo kuma bai hana ba. Aka turo mata wata takarda ta sa hannu: ba za ta ba kowa labarin abin da ta ji ba, ba za ta kunna wa kowa ba, idan kuma ta gane mai magana za ta tsaya nan take ta mayar da aikin a ba wani.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka zama ne kawai. Hirar awa ɗaya tana cin awa shida ko bakwai. Wani dattijon yana magana goro a bakinsa, wata tana amsawa ana daka a bayanta, ga kukan awaki, ga yara. Sai ta mayar da jimla ɗaya baya sau biyar kafin ta kama kalmar. Wuta ba ta zama, don haka suka ɗora ƙaramin faifan sola a saman kwano, wanda idan hadari ya rufe sama kwana biyu sai ya zama ado. Idan za ta tura aiki kuwa, sai ta tsaya a lungun bayan ɗaki kusa da randa ta ɗaga wayar sama, nan ne kaɗai sabis yake da ƙarfi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda ya ɗauki abin a matsayin aiki. Maƙwabciya za ta leƙo ta aje mata yara biyu, ta ce ai kina gida. Idan an yi rasuwa ko suna a unguwa ba ta je da wuri ba, sai ta ji ana cewa ta zauna tana jin waƙa da abu a kunne. Shi kansa Muhammadu Lawal, da yake jin daɗin yadda ta ɗauke masa kuɗin makarantar Fatu da maganin Shatu, yakan ce ya gaji da yin sallama a gidansa ba a amsawa. Wata rana tukunyar wake ta ƙone har hayaƙi ya cika tsakar gida, ba ta ji ba sai da Fatu ta zo ta cire mata iyafis daga kunne.

Sai ta tsara wa kanta lokaci. Daga ƙarfe goma, bayan Fatu ta tafi makaranta, Shatu ta ci ta kwanta, har zuwa azahar, wannan nata ne. Takan sa wa ƙofa sakata, ta kashe ƙarar wayarta ta kifa ta a kan gado. Da wannan tsarin ta fara mayar da aiki kan lokaci, har Nafisat ta ce mata a ofis ita ake fara ba wa hirarraki masu wuya.

A lokacin Ummi Kulsum ta yi shekara biyu da aure, tana wani ƙauye a bayan Gwiwa. Mijinta Hussain manomi ne, yana kuma kai awaki kasuwannin tsallaken iyaka. Auren so ne, kuma Ummi na ɗauke da cikinta na fari.

Wata Talata a cikin watan Agusta aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muhammadu Lawal ya duba sama ya ce yau ba fasinja, ya bar motar a ƙofar gida ya koma ya kwanta. Bahijja tana da hirar wasu manoman riɗi da dole ta mayar kafin azahar. Ta kifa wayarta kamar kullum. Ta gama, ta ɗauki wayar ta tura da kyar ba ta duba komai a ciki ba, ta yi salla, ta ɗora girki. Sai wajen la'asar ta duba wayar da kyau, ta ga Ummi ta kira sau uku. Ta kira ta, wayar a kashe. Ta ce a ranta ƙila caji ne ya ƙare, ƙila kuma maganar kayan jariri ce da suka fara shekaranjiya.

Kafin magariba Ya Kura ta kira, muryarta ba daɗi. Ummi ta haihu a asibiti, wata takwas, namiji, bai zo da rai ba.

Washegari suka tafi ƙauyen su Ummi. Ummi na kwance ta juya wa mutane baya, mata sun cika ɗakin ana ta ba ta haƙuri. Da ɗakin ya ɗan ragu Bahijja ta zauna a bakin katifa, ta ce ta ga kiranta jiya, ba ta kusa da wayar ne. Ummi ta ce ba komai, dama gaishe ta za ta yi. Bahijja ta karɓi wannan amsar, ba ta sake tambaya ba. Ta kwana biyu tana yi mata ruwan zafi da kunu, sannan ta koma ga yaranta.

Watanni suka wuce. Zumuncinsu bai yanke ba, suna waya duk Juma'a, sai dai hirar ta gajarta, Bahijja kuma ta ɗauka baƙin cikin rashin ne bai sake ta ba.

A watan Maris, zafi ya fara, Nafisat ta turo sabon aiki. Wannan karon hira ce da matan ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura a kan haihuwa da zuwa asibiti. Babu suna a jikin ko ɗaya, lamba ce kawai. Bahijja ta yi goma sha uku a cikin mako uku, wasu ta rubuta tana share hawaye, amma matan duk baƙi ne gare ta. Ta buɗe ta goma sha huɗu wata safiya, Shatu na barci a gefenta. Mai tambaya ta yi bayani, ta ce babu wanda ya san ki da zai ji wannan maganar, kin yarda a naɗa? Aka ce, "To, na yarda."

Daga wannan "to" ɗin Bahijja ta gane. Ummi ce kaɗai take jan ta haka, sannan ta ɗan yi gyaran murya a bayanta, tun tana yarinya.

Ta san abin da takarda ta ce. Yatsanta na kan madannin tsayarwa. Ta ce bari ta ƙara minti ɗaya don ta tabbatar, ko da yake ta riga ta tabbatar. Ba ta tsayar ba, ba ta kuma rubuta ko kalma ɗaya ba, ta zauna hannuwanta a cinya ta ji hirar har ƙarshe.

Ummi ta ba da labarin ranar a hankali, kamar ba ita abin ya samu ba. Hussain ya tafi kasuwa a Nijar tun ranar Lahadi. Da hantsi jini ya ɓalle mata. Uwar mijinta ta aika a nemo mai babur, masu babur suka ce rafi ya kawo, ba a haye shi, sai dai mota ta bi doguwar hanya ta zagayo. A ƙauyen babu mota. Sai ta tuna mijin yayarta yana da mota a Kazaure, ta kira yayar sau uku ba a ɗaga ba, lambar mijin kuma ba ta da ita, kafin ta yi wani tunani caji ya ƙare. A ƙarshe da ruwa ya ɗan janye aka ɗora ta a amalanke har bakin titi. Sun isa asibiti la'asar ta wuce. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta ta ce da an zo da wuri mai yiwuwa da an cece shi, Allah ne ya sani.

Mai tambaya ta ce, ko kun taɓa maganar da yayar taki?

"A'a," in ji Ummi. "Ita ma tana da nata. In na gaya mata ba zai dawo ba, sai dai mu zama mu biyu ne ke ɗauke da shi. Amma har yanzu in na ga sunanta a waya sai gabana ya faɗi."

Ba nan hirar ta tsaya ba. Ummi ta ce tun lokacin tsoron ciki take yi. Ta ce ranar kasuwar Gwiwa takan ratse asibiti ta karɓi ƙwayar tazarar haihuwa, tana ɓoye ta a cikin kwallar da ke ƙasan jerenta, mijinta bai sani ba, uwar mijinta kuwa kullum sai ta tambaye ta ko akwai labari.

Da sautin ya ƙare Bahijja ta rufe kwamfutar. Ranar ba ta yi girki ba, ta aiki Fatu ta sayo ɗanwake. Muhammadu Lawal ya tambaye ta abin da ya same ta, ta ce kunnenta ne ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, dama ya fara damunta. Kwana uku tana haka. Takan tsaya a ƙofar gida ta dubi inda motar take tsayawa. Sau biyu ta so ta gaya masa, sai ta tuna in ta fara ba ta san inda za ta tsaya ba.

A rana ta huɗu ta kira Nafisat ta faɗa mata gaskiya: lamba goma sha huɗu ƙanwarta ce, kuma ta saurara har ƙarshe. Nafisat ta ce dole ta kai maganar gaba, ba za ta iya rufewa ba. Ta ce su ma da nasu laifin da suka tura hirar yanki ga 'yar yankin. Ta ce ta goge sautin, kada kuma ta yi wa ƙanwar tata maganar har sai ofis ya yanke abin da za a yi. Bahijja ta goge. Amma ɗayar maganar ba ta iya riƙe ta ba.

Ranar Asabar ta bar yaran wajen ubansu, ta hau mota zuwa Gwiwa, daga nan ta hau babur. Rafin da aka ce ya kawo ya bushe ƙamas, yashi ne kawai, mai babur ya ratsa shi ko ƙafa bai sauke ba. Ta iske Ummi na sussukar gero a inuwar ɗaki. Suka gaisa, ta gaida uwar mijin, ta ba da tsarabar sabulu da man gyaɗa. Sai da suka shiga ɗaki su biyu ta ce ta zo neman gafara ne, game da ranar nan da ta kira ta ba ta ɗaga ba. Ta ce yanzu ta san ba gaisuwa ba ce.

Ummi ta dube ta. Ta tambayi wanda ya gaya mata, don ko Inna, mahaifiyarsu, ba ta sani ba. Bahijja ta sunkuyar da kai. Ummi ta san irin aikin da yayarta take yi, ba ta daɗe ba ta haɗa lissafin da kanta.

"Yaya, ke aka ba wa?"

Bahijja ta ce e.

"Kin ji duka?"

Ta ce e.

Ummi ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta sauke labulen ƙofa, ta dawo ta zauna nesa da ita. Ta ce matar nan ta rantse mata babu wanda ya san ta da zai ji, shi ya sa ta buɗe cikinta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ce rashin ɗaga waya ta daɗe da sanin ba da gangan ba ne, tana ta ƙoƙarin cire shi daga ranta, kuma da ya fita da kansa. Amma wannan da gangan ne. Ta tambaya ko Baban Fatu ya ji, Bahijja ta ce a'a. Inna fa? A'a.

"To ki bar shi a nan," in ji Ummi. "Na yafe miki kiran. Ɗayan kuma ki ba ni lokaci."

Ta kawo mata fura, Bahijja ta kurɓa sau biyu don kada uwar mijin ta ga an mayar da kwano a cike. Ba ta kwana ba.

Ofis ya yanke hukunci bayan mako biyu. Ba su kore ta da faɗa ba, sai dai sun cire ta daga aikin, suka kuma daina ba duk wani mai rubutu hirar da aka yi a yankinsu. Hirarrakin wasu jihohi da aka ce za a riƙa turo mata ba su zo ba. Nafisat ta gaya mata cewa sun kira Ummi sun ba ta haƙuri, sun tambaye ta ko tana so a goge hirarta gaba ɗaya. Abin da Ummi ta amsa, Nafisat ta ce ba za ta faɗa mata ba, Bahijja kuma ba ta matsa ba.

Ta koma buga wa ɗalibai takardu, da ɗan aikin fassara da wani mai shirya wa'azi a rediyo yake turo mata jefi-jefi. Muhammadu Lawal ya ga aikin ƙungiya ya tsaya, ya tambaya, ta ce an canza tsari ne. Ya ce dama abin ya fara cinye ta. Har yau bai san cewa ranar da ya yi barcinsa motarsa na ƙofar gida, ana nemanta a bayan Gwiwa ba, kuma Bahijja ta yanke cewa ba zai sani daga bakinta ba. Kunnenta na hagu ya ci gaba da ƙara, aka duba a asibiti aka ce ta rage sa abu a ciki. Waya kuwa ba ta ƙara kashe mata ƙara ba. Ko tana tsakiyar jimla, ko kiran masu talla ne, sai ta ɗaga, aikin da take gamawa a wuni ɗaya ya koma wuni biyu.

Wayar Juma'a ta tsaya wajen wata biyu. Ya Kura ta lura, ta tambayi kowacce daban, kowacce ta ce lafiya lau.

Da Babbar Salla duka suka haɗu a Kanya Babba. Washegarin yanka aka bar su biyu da suyar nama a bayan gida, matan 'yan'uwansu maza na can wajen tuwo. Suka yi ta aiki, a miƙo gishiri, a rage wuta. Can Ummi, tana juya nama da matsami, ta tambaya ko ita ce ta rubuta hirar tata. Bahijja ta ce a'a, ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba, wani aka ba wa. Ummi ta ce ita ta riga ta gaya wa mutanen ofis kada su goge. Ta ce a ƙauyensu kaɗai ta san mata uku da rafin nan ya tsare da naƙuda, in dai akwai inda ake karanta irin waɗannan maganganu, to a karanta nata. Sannan ta ce ta gaya wa Hussain maganar ƙwayar da bakinta, don ba ta iya zama tana jiran ranar da zai ji a waje. Ya yi kwana biyar ba ya cin abincinta. Yanzu sun shirya, ya ce ta ƙara shekara ɗaya, amma uwarsa ba ta sani ba.

Bahijja ta ce ai da ba zai taɓa ji daga wajenta ba. Ummi ta ce ta sani, amma sanin bai hana ta tsoro ba.

Bayan azahar Hussain ya aiko cewa hadari na haɗowa, su kama hanya. Ummi ta wanke hannu, ta ɗaure rabonta na nama a leda, ta shiga ta yi wa Malam Dunoma da Ya Kura sallama. Da ta zo wucewa ta tsaya a bakin murhu ta ce, "Yaya, ki gaida su Fatu," ko da yake yaran na tsakar gida ta riga ta gan su. Bahijja ta ce za su ji. Akwai sauran kasko biyu da ba a soya ba, ta gyara icen ta zuba na gaba.